Na Yi wa Kakanninmu Wanka

Daga kakarka Hawwa a Agadas, zuwa ga jikana Mumuni a Kona.

Angona malalaci, kafin gaisuwa cinka mini wannan: 'yan'uwa biyu, abincinsu ɗaya, baƙi ƙirin. Babban in ya yi laifi a yi mashi wanka ya tashi fes, ƙaramar kuwa wanka ɗaya ke kashe ta. Su wa ke nan?

Ina gaishe ka, kai da matarka Sa'a. Ya geron bana?

Ni lafiya lau nake wurin kawunka Yahaya. Idona na hagu ne kawai ya yi 'yar yana, kada ka gaya wa uwarka. Shi ya sa nake gaggawar rubuta maka labarin kakanninmu, don duk gidan ni kaɗai na rage mai riƙe da shi.

Ka san karatuna bai wuce na tsakar gida ba. Na cika shafi uku da tawada, sai na ga na tsallake kakata Uwa ɗungurungum. Hannuna bai yi shawara da ni ba, ya ɗebo ruwa ya wanke wurin kamar yadda ya saba tun ƙuruciya. Kakanni bakwai suka narke a cinyata! Na yi dariya, daga baya na yi kuka kaɗan.

Na sake daga farko. Yanzu in na yi kure sai in ja layi, in gyara a gefe. In saƙon ya iso ka, kada ka sa malami ya sake kwafe shi tsaf. Bar mini tabona, ka riƙa ganin inda na yi tuntuɓe.

Allah ya yi maka albarka. Amsar kuwa, allo ne da takarda.