Wuƙar Babanki Mai Kube

Zuwa ga 'yata Hauwa,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, yaya jikinki, yaya maigidan da yara, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Samaru sai godiya.

Na daɗe ina jin wai tun da babanki ya yi ritaya kansa ya taɓu, yana yawo a Sabon Gari yana tsintar ƙarfe, har an gan shi da wuƙa a kube. Ban yarda ba, amma dai na taka na je.

Na tarar da ƙanen nawa garau a bayan gida, yana goge wuƙar girki da ya ƙera da tsohon ƙarfen sifirin na mota. Mariƙin na icen ƙirya ne, kuben kuwa da hannunsa ya ɗinka. Na ce, "Isa, albasa ce za ta kawo maka hari?" Ya ce, "Yaya, jikoki na shiga madafa."

Ki kwantar da hankalinki, ba sai kin taho ba. Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Wadda ta ba ni labarin taɓuwar a ƙarshe mamarki ce, tana faɗa tana yanka alayyahu da wuƙar.

Baffanki,
Garba