Kusurwar da Kalkuleta Ta Ba Ni

Ya sanyin idona, ya inuwar da nake fakewa in rana ta take, ya ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, Malamata,

Ina gaisuwa, in har gaisuwar mai karyayyar zuciya tana isa inda aka aike ta.

Kin tuna ranar da na tsaya a tagar ajinki, wai aron alli na zo? Wallahi allina na cikin aljihu! Kina gaban allo, alli ya ɓata miki hannun riga, kina koya wa yara bekta, kibiyar nan mai tsawo da kuma inda ta dosa. Kika ja taku uku a kwance, huɗu a tsaye, kika ce su ninka kowanne da kansa, su haɗa tara da sha shida, su nemo tushen ashirin da biyar: tsawonta biyar ke nan. Kusurwa kuwa, a raba na tsaye da na kwance, a tambayi kalkuleta. Sai kika buga allo, kika ce kalkuleta makauniya ce. In lambobin biyu duk suna ɗauke da alamar ragi, alamomin cinye juna suke yi wajen rabawa, sai ta ba mutum kusurwar kibiya mai zuwa, alhali tasa tafiya take yi. A dubi alamomi tukuna, a zana, sannan a yarda. Yara suka duƙufa suna rubutawa. Ni kuwa bakinki nake kallo.

Wayyo ni, da ma na rubuta!

Da kika daina zama kusa da teburina a ofishin malamai, na ce kunya ce, tun da na furta miki abin da ke raina. Da na ji kin nemi a sauya miki makaranta, na ce kai, wannan hikima! Ai kin san shugabanmu ba ya barin miji da mata su koyar a gini ɗaya, hanya kike share mana. Ragi biyu na ɗauka, na raba wannan da wancan, na fito da amsa mai daɗi, ina ta washe baki a harabar makaranta kamar gonar auduga.

Jiya yayanki ya tare ni a ƙofar gidanku, ko babur ban kafe ba. Ya ce in yi haƙuri, ke da bakinki kika ce ba da ni za ki zauna ba, har kin roƙa kada a gaya mini makarantar da aka mayar da ke. Mutumin kirki, shi ya riƙe mini babur ɗin har na juya shi na tafi.

Ashe tafiya kike yi! Ashe duk murmushin nan na sallama ne! Ya tauraruwata, me na yi? Kin san abin da ya fi ci mini rai? Tsawon bai canja ba. Ragi in an ninka shi da kansa ɓacewa yake yi, mai zuwa da mai tafiya tsawonsu ɗaya. Son da nake miki yau shi ne na lokacin da nake zaton kina tahowa, ko ɗigo bai ragu ba. Ina zan kai shi? Wa zan ba ajiya?

Ba na roƙon ki juyo, ai so ba a yin sa dole. Yayanki ya yarda ya miƙa miki wannan takarda, roƙona ɗaya ne: ki amsa da hannunki, ko da layi guda. Har yanzu zuciyar nan tana raɗa mini wai bai fahimce ki ba ne. Kin ga taurin kai ko?

Akwai abin da na kasa gaya masa. Na riga na kama mana gida, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, har na kafa miki kantar littattafai a jikin taga. In kika rubuto a'a, zan mayar wa mai shi makullinsa. In kika yi shiru, na san halina: zan ci gaba da zuwa ina share shi.

Naki, ko kina zuwa ko kina tafiya, har ƙasa ta rufe idona,

Malamin ajin da ke jikin naki.