Hannun da Kwari Ta Sani

Litinin, 28 ga Oktoba

Jumai ta sake tayar da maganar. Wai tunda likita ya ce sugan ne ya kashe mini yatsu, in bar mata taɓa yadi, ni in tsaya a kan ciniki kawai. Ƙanwata fa, wadda na goya! Na ce mata sai ranar da aka ɗauke ni a makara.

Duk Kantin Kwari, idan aka ce Hajiya Sadiya ta murza yadi, magana ta ƙare, ba mai sake kwance dila. Hannun nan ne ya zaunar da ni a Guangzhou ta ƙasar China. Ranar da labari ya isa Kano cewa ya mutu, wa zai sake aiko ni? Sai dai in haɗa akwati.

Babban yatsa ne da manuni. Kamar na sa safar hannu. Zai wuce.

Alhamis, 31 ga Oktoba

An buɗe ɓangaren yadi a baje kolin Pazhou. Wani lawban, wato maigida da Sinanci, mai masaƙa, ya haɗa ni da wata Baturiya 'yar Ostiriya, sunanta Gerlinde. Doguwa ce, kafaɗu kamar na mai daka. Da can da ƙwallon tanis take ci take sha, yanzu ta ajiye, tana neman auduga zalla za ta ɗinka riguna da sunanta a jiki.

Da hagu ta miƙo mini hannu. Na sha mur, amma na karɓa saboda kasuwa.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Ƙafafuna! Wuni muka yi muna zaga baje kolin neman yadi, Gerlinde kuwa ko haki ba ta yi.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Mun ci taliya a shagon Musulman China da ke Tianhe, ni da ita da Jumai. Da hagu take ci, damar na kwance a cinya. Ni ba na iya riƙe tambaya, na tambaye ta.

Ashe na ɗauki alhakinta ranar Alhamis. Ta ce a bangon garken shanun babanta ta koyi buga ƙwallo, a wani ƙauye cikin duwatsu. Daga nan ta zaga duniya da hannun nan, har wuyan hannun ya lalace. Mai horar da ita ya ce ta koma wasan biyu-biyu, a samo mata abokiya ta tare mata rabin fili. Ta ƙi. "Filina ne ni kaɗai," in ji ta. Ta yi ta buga abinta, ana ta cinye ta. Wasanta na ƙarshe a garin nan ta yi shi. Wata yarinya ta yi mata kaca-kaca, 'yan kallo kuwa masu shara ne da suke jiran a tashi.

Na buga tebur na ce haka ake so! Jumai ta dubi kwanonta.

Na ce, kin yi nadama? Ta ce ko kaɗan. Sai ta tura wa Jumai robar ruwa, ta ce don Allah ta buɗe mata.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Mun samu yadin, fari tas. Lawban yana ta rantsuwa, "Roba meyo, meyo," wato babu roba ko ɗis. Na murza. Ban ji komai ba, amma idona ya yarda da shi, na ce auduga ce zalla. Jumai ta shafa gefensa, ta matso kunnena: "Yaya, akwai roba a ciki." Na taka mata ƙafa. A gaban baƙuwa za ta tozarta ni?

Gerlinde ta ce tunda na faɗa, ta yarda. Ranar Alhamis za a fara yanka.

Talata, 5 ga Nuwamba

Jumai ta tafi sayo kifi, na ƙyasta ashana a bakin ƙyallen da muka zo da shi. Auduga toka take zama. Wannan narkewa ya yi, ya dunƙule baƙi ƙirin, yana warin leda.

Ya ɗiga mini a yatsa. Sai da na ga wurin ya tashi na san na ƙone.

Na yi kuka. Ba wanda ya gani, don haka ba a yi ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na koma wurin lawban na wanke shi tas, da Turanci da Sinanci, Hausa ta ƙarasa. Ya yi ta ba da haƙuri, an fasa yankan. Na gaya wa Gerlinde shi ya canja samfur. Ta kalli filastar da ke yatsana, ta kalli fuskata, sannan ta ɗaga damarta ta juya ta a hankali. Wai wadda aka so haɗa su a biyu-biyu har yau tana fili, tana ɗaga kofi.

Ina ruwana da kofin wata?

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ba inda zan je. Duk mai jiran ganina a Kano da akwati sai ya nemi kujera.

Yau wata masaƙa muka je. Da aka shimfiɗa yadin, na ce Jumai ta murza, tunda yatsana da filasta. Ta murza, ta gyaɗa mini kai kaɗan, yadda ba wanda zai lura. Ni kuma na kama lawban da baki har sai da ya share gumi. Gerlinde ta samu audugarta.

Yarinyar tana da hannu, ba laifi. Ai ni na koya mata.

Ƙunar ta warke tun jiya. Filastar dai zan bar ta tukuna.