Kujerar da Aka Ware wa Uwar Attahiru

Isa, Jihar Sakkwato.

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Saudatu, a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta iske ki lafiya, ke da maigidanki Alhaji Talha da yara baki ɗaya, Ya kuma sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau muke, sai zafin bazara da jiran ruwan shuka. Ɗiyata Sa'adiyya ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace, an mayar da sunan Inna. Danginmu na Kamarawa da suka gudo saboda 'yan bindiga sun fara komawa sharar gona, suna wuni can su kwana cikin gari. Allah Ya kawo mana ƙarshen abin.

Basira, na san ke za ki karanta wa uwarki wannan. Kada ki tsallake ko layi ɗaya, ko da ta ce ta bar tukunya a wuta. Abin da ya sa na rubuto ban buga waya ba ke nan: a waya takan tambayi lafiyar kowa har awakin gidanmu, amma da na ambaci sunan ɗanta na fari sai ta ce ba ta jina, layi ya lalace.

To, Saudatu, Attahiru ya ci zaɓe! Na san labari ya riga ya kai ku, amma ina so ki ji shi daga gare ni da sunansa a ciki. Yaron da kika bar mini bai ko shiga makaranta ba, lokacin da mahaifinsa ya rasu aka kai ki aure Kumasi, shi ne yanzu ɗan majalisar wakilai ta ƙasa mai wakiltar Isa da Sabon Birni. Ranar da aka faɗi sakamako, bayan la'asar, kasuwa ta watse, 'yan kabu-kabu suka cika gari da ham, mata na guɗa ta bayan katanga, Fulani suka shigo daga ruga suna ɗaga sanduna. Ni kuwa ban san lokacin da na kai bakin tasha ba takalmi ba. Kamaluddeen tela yana ta yaɗawa wai ya ga Malam Abdulgani na rawa. Tuntuɓe na yi, amma na bar shi ya ci gaba da faɗa.

Kin san ni da 'yan siyasa. Na yi karatu a Zariya lokacin da ake ganin mai ilimi da daraja, na koyar da tarihi har gashina ya yi fari, na ga yaran da ba su iya rubuta sunan ƙauyensu daidai ba sun zama manyana, daga ƙarshe aka sallame ni ba ko sannu. Na daɗe da daina jefa ƙuri'a. Da Attahiru ya ce zai tsaya takara, na faɗa masa ban taɓa ganin wanda ya tafi Abuja ya dawo da fuskar da ya tafi da ita ba. Har yau ban janye maganata ba, za ni zuba ido in gani. Amma ranar zaɓe na shiga layi cikin rana, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Ke ba ki ga rayuwarsa ba, bari in ba ki kaɗan. Da ya zama lauya, abokansa duk suka tsaya birni. Shi ya dawo ya kama shago a bakin kasuwar Isa, tsakanin tela da mai cajin waya, ya rataya allo ƙarami. Ni kaina haushi na ji, na ce mun yi wahalar banza. Kan babur yake zuwa kotun Sabon Birni, baƙar rigar aikinsa a cikin leda saboda laka. Yau yana kare manomin da shanu suka ci wa gero, gobe yana kare makiyayin da aka nome wa burtali, har kowane ɓangare ya taɓa fushi da shi. Sau da yawa ma ba ya barin magana ta kai gaban alƙali, a gindin bishiya yake zaunar da mutane a Tozai har su yi musafaha. Ladansa kuwa, wata rana kaza, wata rana ƙwaryar nono, har matarsa Lailatu ta ce gidansu ya koma kasuwar ƙauye. Waɗannan mutanen ne suka tara masa ƙuri'a, wasu da tafiyar ƙasa ta hanyar da mota ke tsoron bi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Juma'a da ta wuce ya zo gaishe ni, ya bar motocin rakiya a bakin titi, ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba. Ya ce farkon damina za a rantsar da su, kuma an gaya masa mutum biyu kawai zai iya shiga da su zauren majalisa a Abuja. Kujera ɗaya ta Lailatu ce, ɗayar kuwa ya ce tawa ce, don ni na riƙe shi. Wallahi raina ya yi fari, har na fara tunanin wace riga za ni sa. Sai na ga yana ta wasa da bakin tabarma. Na ce masa, ranka ya daɗe ɗan majalisa, ko har an fara ɓoye wa talakawa magana? Ya yi dariya, sannan ya ce, Kawu, shi ya tsaya gaban alƙalai iri-iri bakinsa bai taɓa rawa ba, amma ya kasa buɗe baki ya roƙi Hajiya ta zo. Ya ce ya san kunya ce ba ƙiyayya ba, amma da ya gama jami'a ba ki zo ba, da aurensa kika zo kika ɓuya a ɗakin baya, kuma shi bai taɓa jin sunansa a bakinki ba. Mutum mai furfura a gemu, Saudatu, yana faɗa yana kallon ƙasa.

Ban ce kin yi laifi ba. Haka Inna ta yi mini, har ta koma ga Allah “wancan” take ce mini, na kuma san irin son da take mini. Ba na cewa ki kira sunansa, ba na cewa ki yi guɗa. Ki zo ki zauna kawai, ki rufe fuska da mayafi in kina so, ya ɗaga kai ya gan ki lokacin da ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani. Wurin da za shi wuri ne mai canza mutane, na ga ya canza waɗanda suka fi shi taurin kai. Ina ganin wanda ya yi rantsuwa uwarsa na kallo zai daɗe bai manta ba.

Don haka na riga na gaya masa ba za ni ba. Ya roƙe ni, na ƙi. Na so in ga zauren nan da idona fiye da yadda kike zato, amma kujerar taki ce. In kin zo, Lailatu za ta tarbe ki a Abuja, ni in saurara a rediyo a ƙofar gida. In kin ƙi, ba wanda zai zauna a kanta, haka za ta tsaya wayam a gabansa har a gama.

Ki gaishe mini da Alhaji Talha, ki ce ina roƙon ya ba ki izini. Ina gaida Basira da Shamsu da Amiru. Uwargida Rahmatu da Sa'adiyya da mai sunan Inna suna gaishe ki. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayanki mai jiran amsa kafin ruwa ya sauka,
Malam Abdulgani