Salloli Tara Da Na Ba Alƙibla Baya

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka yadda na saba, ko da yake na san babu mai kai maka wannan takarda, ba kuma za ka sa tabarau ka karanta ta a bakin shago ba. Daga ɗakinmu na unguwar Arba wa Nus a Alƙahira nake rubutu, yau kwana shida da dawowata daga Nepal.

Na gama karatun safiyo, awon ƙasar nan, Baba. Takardar shaida ce kawai ba ta fito ba. Inna lafiyarta ƙalau, sai ƙafar nan da ke taɓa ta lokaci-lokaci. Bilki ta haihu, namiji, an mayar da sunanka. Keken ɗinkinka Yaya Sani ke takawa yanzu, Inna ta ce har yau ƙararsa ba irin taka ba ce.

Ka tuna ranar da ka tambaye ni a waya, tunda awon ƙasa nake karanta, ina ne ya fi ko'ina tudu a duniya? Na ce duwatsun Himalaya, na fara jero maka lissafi. Ka katse ni, ka ce Injiniya, in je in gani da idona tukuna kafin in cika ka da surutu. To, na je. Sau biyu na yi sintiri zuwa ofishin jakadancinsu a nan Alƙahira kafin in sami biza, domin tsoro ya sa na riƙa komawa ina sake duba takarduna.

Wanda ya fi duka tsawo ban kai gare shi ba, gara in faɗa maka gaskiya. Daga Kathmandu muka wuce Pokhara, daga nan muka kama hawa da ƙafa. Mu biyar ne baƙi, ni kaɗai ne Musulmi, sai mai yi mana ja-gora, wani dattijo mai suna Pasang. Matakalar dutse ce tun safe har la'asar. Alfadarai masu ƙararrawa a wuya suna ture mu gefe. Abinci kullum shinkafa da miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake, ana ƙara maka tun ba ka roƙa ba. A wani masauki, tsohuwar gidan ta ga ina alwala da ruwan da ke yanka hannu, ta yi ta faɗa da yarensu, ta ƙwace butar ta kawo mai ɗumi. Inna sak.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro.

A ranar farko, muna tsallake wata gadar igiya, wayata ta suɓuce ta faɗa kogi. Ita ce ke nuna mini alƙibla tun saukata ƙasar. Kibiya kawai nake bi a ɗakin otal, ban taɓa tambayar kaina ina ta nufa ba. Da lokacin la'asar ya yi, ban ko yi jinkiri ba. Na yi abin da ka koya mini tun ina ɗan shekara bakwai: na ba rana baya, na kalli gabas, na tayar da kabbara. Washegari da hantsi ya fito ta bayan duwatsun, ƙanƙarar da ke kansu ta yi jajir kamar garwashi, na ƙara tabbatar wa kaina cewa gabas ɗina daidai take. Har daɗi na ji, na ce yau Baba zai yi alfahari da ni.

Salla uku ranar farko, biyar rana ta biyu, da asubar rana ta uku. Tara ke nan.

Bayan asubar nan ne Pasang ya kawo mini shayin citta, ya tsaya yana juya hularsa a hannu. Ya yi shekaru yana aikin gini a ƙasashen Larabawa, yana jin Larabci kaɗan-kaɗan. Ya kira ni ɗan'uwa, ya ce in yi haƙuri, Musulmin da ya sani a ƙasarsu duk mafaɗar rana suke fuskanta. Tun shekaranjiya yake son faɗa mini, amma ya ɗauka ko mutanen Afirka da tasu hanyar, bai so ya kunyata baƙo.

Baba, shayin ya huce a hannuna. Makka tana yamma da Nepal. Yamma sak. Ni da na yi shekara huɗu ina zana taswira, wannan ko ɗan firamare ya sani. Amma a bakinmu gabas ita ce alƙibla, jikina kuma abin da ya saba ya bi, bai tsaya shawara da kaina ba.

Ba kunyar Pasang ce ta fi kama ni ba. Kai na tuna.

Hutun da na zo na ƙarshe, na tsaya a zaure da waya a hannu, gaban Alhaji Ɗanjuma da sauran abokanka, na ce shimfiɗar sallarka ta kauce da digiri ashirin da 'yan kai, sai ka karkata hagu. Lissafin daidai ne, har yau ban janye shi ba. Amma me ya hana ni jira su tafi? Me ya sa na yi dariya? Ka sunkuya ka ja buzun da hannunka, ka tambaye ni ko ya yi haka. Inna ta ce a haka ka bar shi har ka kwanta ciwo. Ka rasu ina tsakiyar jarrabawa, ban sami jana'izarka ba, ban kuma taɓa ba ka haƙuri ba. Ka yafe mini, Baba. Kai ashirin ka kauce, ni kuwa ƙeya na juya gaba ɗaya, wanda ya gyara mini kuma sai da ya fara kawo shayi.

Na rama sallolin a ranar, ɗaya bayan ɗaya, Pasang na zaune kan dutse yana tsare mini alfadarai. Da na dawo na kai maganar gun Malam Isufu, ɗan Maraɗi da ke karatun fiƙihu a benenmu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ma'alish ya Injiniya, wato ba komai, tunda na rama, khalas, magana ta ƙare, in bar wahalar da kaina. Sau uku na sake tambayarsa. A na ukun ya kore ni.

Hankalina ya kwanta yanzu, ga kuma dalili. Jiya na zauna na auna a taswira. Daga tudun da na tsaya, hanyar Makka da hanyar garinmu Funtuwa kusan layi ɗaya ne, bambancin bai kai digiri biyar ba. Na auna sau biyu. Kai kuma Yaya Sani ya ce sun kwantar da kai kan damanka, fuskarka ga alƙibla. Ashe da na juyo yamma ina rama sallolin nan, muna fuskantar juna, Ka'aba na tsakaninmu.

Da zarar takardata ta fito zan zo gida in tsaya a kanka. Wayar zan bar ta a ɗaki.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sada mu a inda babu ɓatan hanya.

Ɗanka mai yawan awo,
Nazifi