Notin Da Na Ɗaure Da Waya

Da sunan Allah. Ni Issaka ɗan Ɗalha, makanike a bakin tashar Birnin Konni, na rubuta wannan cikin hankalina. Ƙirji ne ya gaza, kai yana nan garau. Zuwa ga 'ya'yana, Mamane da Yahuza da Zulaiha.

Na ɗaya. Gida da gonar Tajaye, liman ya raba yadda addini ya ce. Zulaiha, ki zauna a wurin rabon, kada kunya ta cinye miki haƙƙi.

Na biyu. Babbar motar albasa. Ita ke ciyar da gidan nan, kuma injinta ne aikina na ƙarshe. Wata biyu na yi ina haɗa shi, fistin da zobba duk sababbi. Abin da ban faɗa muku ba shi ne, sau biyu ke nan ana kankare kan injin, ba zai ɗauki matsin da ya saba ɗauka ba. Shi ya sa na tsayar da turbo mai tura wa injin iska a matsin bar 0,8, na daidaita famfon man gazuwal da shi, na ɗaure notin da ke ƙara man da waya don kada a juya shi. Rabin lodi za ta ɗauka har ta cika kilomita dubu uku, a canza baƙin mai a dubu ɗaya. Bayan nan Mamane ya auna da agogon zafin inji. In zafi bai hau ba, ya ƙara kaɗan. Bar ɗaya ce iyaka, ko wa ya roƙa.

Na uku. Yahuza, da kai nake. Ina kwance, amma kunnena yana tasha. Na san albasar Galmi ta kusa fitowa, na san ka ɗaukar wa fatake alkawarin sawu uku a mako, na kuma san ka yi magana da wani makaniken tsallaken iyaka ya buɗe maka mai ya ƙara iska. Ku direbobin yanzu, in mota ta turnuƙe hanya da baƙin hayaƙi sai ku ce ƙarfi ne. Man da bai samu iskar ƙonewa ba ne, yana dafa fistin a ciki kana murna. Sauri ya haifi nawa. Ka je ka ba fataken haƙuri, ka ce ni na hana.

Mamane, kai ma ba wankakke ba ne. Ka fi shi sanin inji, amma bakinka ya yi kaifi. Tun ranar da ka kira shi jahili a gaban mutanen gareji ba ku ci tuwo a kwano ɗaya ba. Kai ne babba, kai za ka fara zuwa wurinsa.

Na huɗu. Wannan ya fi mini nauyi, shekara ashirin da biyu ina ɗauke da shi. Kun taso kuna jin cewa ƙanena Soumaïla ya rasu a hawan Malbaza saboda birki ya tsinke. Ba daga birki abin ya faro ba. Kwana tara da na gama masa inji, ya dame ni wai motar ba ta ja. Na san bai dace ba, amma na gaji da mitarsa, na juya masa notin zagaye ɗaya da rabi. A tsakiyar hawa, da lodin siminti, injin ya ƙone ya tsaya cak, motar ta koma da baya da shi. Da jandarma suka rubuta birki, na yi shiru. Tsoro na ji, kuma har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Yahuza, matarka Samira 'yar Soumaïla ce, tana da shekara huɗu aka kawo mata labarin ubanta. Na kasa duban idonta in faɗa mata. Ka karanta mata wannan da bakinka, ka roƙa mini gafararta. In ta ƙi, tana da gaskiya, kada kowa ya matsa mata.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a hanya da gida, ya haɗa kanku. Ku riƙe juna, ku riƙe uwarku, kada a ji kanku a tasha. Hannuna ya riga ya mai da Samira marainiya, Yahuza. Kada naka ya sa ta takaba.