Taken Baba

Litinin, 1 ga Oktoba, 1962. Tambuwal.

Baba ya yi barci. Gwiwarsa ta kumbura suntum, na gasa masa ita da ruwan zafi. Gobe sai mu nemi motar Kebbe.

Yau a wasan murnar 'yancin kai hukumar En'e ta karrama shi. Mai sanarwa ya ce a zamaninsa ba a taɓa kai shi ƙasa a kokawa ba, daga Fakku har Sakkwato. Aka ba shi babbar riga da lambar girma. Ya karɓa kamar an miƙa masa goro, ya koma kujera yana hamma. Raina ya ɓaci. Don wannan muka sha wahalar hanya?

Can sai Illo, tsohon makaɗinsa, ya rataya ganga ya saki taken Baba. Ban ankara ba sai na ga sandar Baba a ƙasa. Baba ya yi tsuma, ya faɗa fage yana ɗingishi yana kirari. Samarin 'yan kokawa duk suka durƙusa. Ni kam gwiwar kawai nake kallo.

Da aka tashi ya tuɓe rigar ya yafa wa Illo. Na ce, "Baba, kai fa aka ba."

Ya ce, "Riga ba ta san ni ba, Umaru. Wanga tsoho kaɗai ya rage da ya iya takena. Ran da ya tafi, babu sauran mai kirana."

Lambar tana aljihuna. Ko tambayarta bai yi ba.